Ƙwayoyin Malam Muttaƙa

Magana ta cika Tajaye cewa Muttaƙa, malamin jami'ar nan da ya zo hutun damina, ya zama ɗan ƙwaya. An ce taramol yake sha, har wansa Bala ya ƙwace kwalin ya kulle a akwati.

Madam Delu, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a lakwal, ita ta koya wa su biyun karatu. Ba ta karɓar "an ce" sai ta ji wa ya ce. Ta ɗauki tabarau ta nufi gidansu.

Ta tarar da Muttaƙa a rumfa, ya rame. Kwanansa takwas ba magani. Bala na zaure da dattawa, ana shawarar kai Muttaƙa ƙauye a sa masa mari. Ta wuce zauren.

"Bala, mi kag gani da idonka?"

"Madam, kullum da safe sai ya haɗiye ɗaya. Kuma Konni yaka zuwa saye, a ɓoye. Wa ka zuwa bakin iyaka neman ƙwaya in ba ɗan taramol ba?"

"Ka karanta kwalin?"

"Ƙwaya ai ƙwaya ce."

"Shekara shida ina fama da kai a aji, ashe asarar alli na yi. Ɗauko shi!"

Ya ɗauko yana gunaguni. Ta karanta kwalin, ta warware takardar ciki ta bi ta layi-layi, da ordonansin, wato takardar likita, da aka naɗe a ƙarƙashi. Ranta ya ɓaci. Ta koma rumfa.

"Ɗana, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Madam, in na saya kusa da jami'a, gobe ɗalibai sun ji, a buro, wurin aiki, a ce kaina ya taɓu. Mu nawa ne muke sha! Kowa na ɓoye ma ɗan'uwansa. Nan gida kuma da na ce na likita ne, Yaya ya ce duk ɗan ƙwaya haka yake cewa."

"Ka yarda in hwaɗa masu?"

Ya gyaɗa kai.

Ta miƙa masa kwalin, ta ce ya kira likitansa yanzu ya ji yadda zai koma sha. Sannan ta tsaya a bakin zaure, ba ta ko zauna ba.

"Wanga ba taramol ba ne. Maganin ciwon damuwa ne, likita ya rubuta mashi, ga sa hannu ga hatimi. Shekara biyar yana sha yana koyarwa lahiya lau. Bai kwanta ba sai da kuka ƙwace."