Muryar Hajiyar Kumbo

Shagon Ilyasu na fassarar fina-finai bai wuce ɗaki biyu ba, a bayan babbar kasuwar Maraɗi, amma tun da suka saki kashi na farko na fim ɗin kumbon nan bai sake rabuwa da hayaniya ba. Fim ne na Turawa. Wani jirgi ya ɓace tsakanin taurari da mutum bakwai a ciki, aka ce ɗaya daga cikinsu ƙera shi aka yi, ba haihuwarsa ba, amma ba a faɗi ko wane ne ba. Zargi ya faɗa kan shugabar jirgin, wata doguwar mace marar dariya da ƴan Maraɗi suka laƙaba wa Hajiyar Kumbo.

Tahira ce ke juya maganar fim zuwa Hausa a takarda. Ta yi lisans, wato digiri, a Ingilishi, amma shekara biyu ke nan rubutunta na fita ta bakin wasu. Sau ɗaya ta taɓa ce wa Ilyasu tana son gwada sa murya, shi ma ƙasa-ƙasa, tana kallon takalminta.

Ranar Asabar da hantsi Ilyasu ya buga tebur.

"Yau za a yanke ta. A kashi na farko ni na yi muryar kowa, a na biyu kowa da tasa. In Hajiya robo ce, Bo'az ya yi, ya bi da muryar ta na'ura ta fito kamar ƙarfe. In mutum ce, to, ga Tahira."

Tahira ta ɗago kai daga takardunta. Ashe bai manta ba.

Bo'az, mai haɗa sauti, bai daɗe da isowa daga Tsibiri ba, ko hular babur bai cire ba. "Patron, wanga ai ba abin gardama ba ne. Na ƙirga, minti huɗu cur ba ta ƙifta ido ba."

"Kai ma da ka zura mata ido minti huɗu ba ka ƙifta ba, robo ne?"

Mai wannan magana Inna Tsahara ce daga Jiratawa. Duk Asabar in ta sauke zogalenta a kasuwa sai ta biyo a zuba mata fina-finai a waya, kuma ba a taɓa gardama a shagon ba ta sa baki ba.

"Inna, ba ta cin abinci!"

"Shugaba ce. Ka taɓa ganin babba na lashe hannu gaban yara?"

Ƴan kabu-kabu uku da ke fakewa a inuwar ƙofa suka leƙo, biyu suka bi Bo'az, ɗaya ya ce shi dai tsoron matar yake ji. Bo'az ya cire hula, ya ɗaga yatsa.

"To ga wadda ba ku da amsarta. Saurayin nan mai gyaran injin. Kowa tana kiran sunansa, ban da shi. Ko fuskarsa ba ta kallo. Mi ya sa? Waɗanda suka ƙera ta sun manta su sa mata sunansa a kai. Shi ke nan!"

Ilyasu ya fara gyaɗa kai, Tahira kuwa ta san gyaɗawar nan: in ta kai uku, magana ta ƙare.

"Yaya Ilyasu," in ji ta.

Ba wanda ya ji sai Inna Tsahara. "Ku yi shiru, Malama za ta yi magana!"

Tahira ta riƙe takardunta da hannu biyu. Ita ta rubuta kowane layi na fim ɗin, ta kuma maimaita wasu wurare fiye da sau goma. "Ranar da aka raba ruwa, kowa kwalbarsa rabi. Da aka nuna gadon saurayin, tasa cike take. Tata kuma ba komai ciki. Sannan duk sanda ya fita gyara, sai ta tsaya bakin taga, amma da ya shigo sai ta juya baya tana yi wa wani faɗa." Ta ajiye takardun a kan tebur. "Ni ina ganin ɗanta ne na fari."

Inna Tsahara ta tafa hannu har wayarta ta faɗi. "Alkunya! Wallahi alkunya ce! Ni shekara ashirin da huɗu ban faɗi sunan nawa ba. Kai, ɗiyar nan da ido take!"

"Haba, Malama," in ji Bo'az. "Bature ina ya san alkunya?"

A ranta Tahira ta san da wuya in ba shi ke da gaskiya ba. Amma ta riga ta shiga ruwa. "Ban san abin da ya sani ba. Waɗanda za su kalla dai sun sani." Ta ɗan ɗaga kai. "Kai ba kai ne babba a gidanku ba? Mahaifiyarka, Inna Priskila, mi take ce maka?"

Bo'az ya sosa ƙeya. Ya dubi rufi. "Mai babur."

Dariya ta ɓarke har mai shayi na gefe ya leƙo. Ɗaya daga ƴan kabu-kabun ya ce ashe su ma a Tsibiri akwai robo, Bo'az ya jefe shi da hula.

"To in kashi na uku ya fito aka ce robo ce fa?" ya tambaya, yana dariyar shi ma.

"Sai mu ce robo ce mai tarbiyya," in ji Ilyasu. "Tahira, shiga."

Ɗakin ɗaukar murya ƙarami ne, an manna masa katifu a bango. Bo'az ya gyara mata makirofo daidai tsayinta, ya koma bayan gilashi. Layin farko umarni ne: kowa ya koma wurin aikinsa. Ta faɗa, ya girgiza kai, bai ji komai ba. Ta sake, ya ce kamar mai roƙon aron tsintsiya. A na uku ta rufe ido, ta cika ƙirji.

"Kowa ya koma bakin aikinsa! Yanzu!"

Bo'az ya manta lasifikar waje a kunne take. Ƴan kabu-kabun nan uku suka miƙe zumbur, ɗaya har ya kai hannu ga babur ɗinsa.

"Layi na biyu," in ji Tahira.