Sakin Kulocin Khairiyya

Da Malam Dikko ya san abin da ke kwance ƙarƙashin tarin gyaɗar nan, da bai tura ƙafa ciki ba. Ji ya yi kamar an soka masa ƙaya mai wuta, sai ga kububuwa tana sulalewa.

Gonar tana bayan Mawashi, asibiti kuwa sai Kankia. Ga tsohuwar motarsa a gindin marke, amma duk masu cirar gyaɗar babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari sai ɗiyarsa Khairiyya. Sau huɗu kacal ya koya mata a filin ƙwallo, kuma duk da faɗa aka tashi. Ba ta iya sakin kuloci a hankali ba. Ɗage ƙafa take yi gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu.

Aka kwantar da shi a kujerar baya. Khairiyya ta murɗa makulli. Shiru. Batir ya yi sanyi.

"Sai turi," in ji Haladu, maƙwabcin gonarsa. "Ke ɗiyar nan, kin iya kuwa, ko in ɗauro amalanke?"

"Baba, me zan yi?"

"Taka kuloci har ƙasa, ki sa giya ta biyu. In sun tura ta ɗau gudu, ki sake shi." Ya cije leɓe. "Irin sakin nan naki."

"Wanda kake yi mani faɗa a kai?"

"Shi fa."

Maza biyar suka dafa motar da bisimilla. Ta gangara, ta gangara, Khairiyya ta ɗage ƙafa. Motar ta zabura, ta yi tari, ta kama.

Sun hau kwalta ke nan garken shanu ya tare hanya. Dikko ya san in motar ta mutu a nan, babu mai turi. Sai ya ga ƙafar ɗiyarsa ta danne kuloci, ɗayar ta taɓa birki, hannunta ya sa giya ta ɗaya. Saniyar ƙarshe na wucewa Khairiyya ta ɗago ƙafar sannu-sannu, motar ta tafi ko girgiza babu.

"Wa ya koya maki wannan?" ya ce da ƙyar.

"Baba, yi shiru, tuƙi nake."

Ya koma kallon bayan kanta kamar yau ya fara ganinta. Kumburin ya kai gwiwa lokacin da ƙofar asibiti ta bayyana. Ko akwai allurar maciji a ciki, wannan ne bai sani ba tukuna.