Ranar da Aka Hura Jirgin Kwargaba

A ƙasar Wurno babu layin dogo. Mai son ganin jirgin ƙasa sai ya yi tafiya har Ƙaura Namoda. Amma a bakin fadamar Kwargaba akwai wani ɗan kan jirgi da ya fi shekara ashirin a tsaye cikin geza. Wasu Turawa ne suka kawo shi gunduwa-gunduwa a bayan mota, suka haɗa shi, suka shimfiɗa masa siririn layi don ya riƙa jan duwatsu zuwa wani datsi da suke ginawa. A damina ta biyu ruwa ya kwashe datsin, Turawan suka tafi suka bar shi nan, awaki suka mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa.

Mode, wani manomin albasa na garin, bai taɓa bi ta kusa da shi ba. In zai je gona sai ya kewaya, ko da hanyar ta fi nisa. Shekara tara ya yi yana hura wutar jirgi a can kudu, har ranar da bututu ya fashe a ɗakin direba, tururi ya dafa direbansa Lawwali a gabansa. Lawwali ya kwana biyu kafin rai ya yi halinsa, Mode na zaune yana kore masa ƙuda. Da aka binne shi, Mode ya ɗaure kayansa ya komo gida, bai tsaya sallamar kowa ba.

Shekara shida bayan nan aka kawo sabon Baturen ayyuka, wanda mutane suka laƙaba wa Jan-Gwiwa saboda gajeren wandonsa. Mutum ne mai son tsofaffin ƙarafa. Ya sa aka ja kan jirgin da shanu da ƙarti zuwa tudu, kusa da hanyar Achida, ya kafa masa rumfar kwano, ya tara sauran tarkacen aikin a ciki don mutane su riƙa zuwa kallo. Aka shiga kiran wurin Rumfar Jirgi. Sai kuma ya ce yana son jirgin ya tashi. Da ya tambayi wanda ya san aikin, aka ba shi sunan Mode.

Dogarin hakimi ne ya kawo saƙon. Bayan ya tafi, Mode ya zauna a kan turmi.

Matarsa Turai ta ce, "Malam, ka ce musu ba ka da lahiya mana."

"Bature da hakimi sunka aiko. Mi zan ce musu? In na ƙi, gobe dogari biyu za ki gani."

Da safe ya tafi. Jan-Gwiwa da kansa ya zaga da shi cikin rumfar, yana nuna masa kayan da Hausarsa mai tauri: ƙararrawar tagulla, fitila mai gilashi ja da kore, tutoci biyu da gara ta ci gefensu, hotunan leburori suna ɗauke da duwatsu. Mode na cewa to, to. Da suka iso gindin jirgin, warin tsohon mai da toka ya bugi hancinsa, ya ja da baya ya dafa ginshiƙi.

Baturen ya ce, "Za ka iya?"

"Ranka shi daɗe, wagga tukunyar tururi ta tsuhwa. Abin da ac cikinta, Allah kaɗai ya sani."

"Sai mu buɗe mu gani."

Aka haɗa shi da Mu'azu, wani tsohon maƙeri daga Achida, wanda bai taɓa ganin jirgi yana tafiya ba amma babu ƙarfen da ke ba shi tsoro. Wata biyu suka yi suna fama. Suka fitar da laka kwando-kwando, da gidajen zanzaro, da saɓar maciji mai tsawon gaba guda. Mu'azu ya ƙera sababbin kusoshi a maƙerar da ya kafa a gefen rumfa. Mode kuwa ya bi tukunyar taƙi-taƙi da 'yar guduma, yana bugawa yana kasa kunne, don inda ƙarfe ya ci, ƙararsa daban take. Ranar da ya zama dole ya shiga cikin murhun ta 'yar ƙofar da ake zuba itace, ya kai ƙugu ke nan numfashinsa ya ɗauke. Ya ji kamar ƙarfen na matsowa. Ya shiga harba ƙafa har Mu'azu ya jawo shi waje.

Tsohon ya miƙa masa butar ruwa, ya ce, "Mode, mi kag gani ciki?"

"Ban ga komi ba, Baba. Tsoro dai nika ji."

"To sha ruwa. In ka huta mu koma."

Akwai wani ɗan murfi a bisa tukunyar da ma'aikata ke kira bawul. In tururi ya yi yawa, shi ke ɗagawa da kansa ya fitar da shi, don kada tukunya ta fashe. Wannan Mode bai yarda kowa ya taɓa ba. Kwana uku ya yi yana goge shi da toka da man gyaɗa, har ya zama ɗan yatsa ma na ɗaga shi.

Aka sa ranar Alhamis. Ran Laraba Mode ya tafi Goronyo gaida surukinsa da ba shi da lafiya. Da ya iso rumfar da hantsin Alhamis, sai ya tarar da jirgin na ƙyalli, kore da baƙi. Jan-Gwiwa ya sa leburori sun shafe shi da fenti tun daga bututun hayaƙi har ƙafafu. An turo shi waje bisa layin da aka shimfiɗa mai tsawon taki ɗari, an cika shi da ruwa, har an kunna wutar tun da sassafe don kada baƙi su jira. Mutane kuwa sun cika filin, daga Magarya, daga Rabah, har Fulani da suka tsaya da shanunsu a nesa.

Mode ya ce, "Ranka shi daɗe, a bari in sake dubawa tukuna."

"Ka duba wata biyu. Hakimi ya zauna. Hau."

Ya so ya ƙara magana, amma ya ga idon dogarai a kansa. Ya hau, Mu'azu na bayansa. Ya dubi gilashin ruwa, ya ga daidai. Ya ƙara itacen ƙirya, ya zuba wa agogon tururi ido. Allurar na hawa a hankali. Akwai jan layi a fuskar agogon, inda bawul ya kamata ya ɗaga. Allurar ta kai jan layin. Mode ya kasa kunne. Shiru. Ta wuce da faɗin farce, ta wuce da faɗin yatsa.

Ya leƙa ta taga ya dubi bisa. Bawul ɗin ya zama dunƙulen kore, fenti ya cike bakinsa ya bushe da zafin tukunya.

Ya juya zai sauka. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta kai matakala. Da a ce ya yi tsalle ya ruga, da ya kai bayan tsamiya kafin komai ya faru. Sai ya ga wata mata da goyo tsaye dab da ƙafar jirgin, ta miƙa hannu tana taɓa fentin.

"Baba, murhin bawul ya liƙe. Tukunya za ta hwashe."

Mu'azu ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, ya ɗauki guduma.

Mode ya ce, "Kankare gehensa, ka buga da ƙota. Kak ka sa huska bisa shi."

Tsohon ya fita ta gefe, ya hau bayan tukunyar da tsumma a hannu. Mode ya ja igiyar usur ya ɗaure ta a ƙugiya, don ko ta nan tururin ya ragu. Ƙarar ta tsaga filin. Mutane suka ɗauka wasan ne ya fara, suka yi shewa suka ƙara matsowa. Ya ɗaga murya yana cewa su ja da baya, amma ko shi bai ji kansa ba.

Ya buɗe ƙofar murhun, ya shiga kwaso wutar da shebur yana watsarwa ƙasa ta ɗaya gefen. Zafin ya ƙone masa gira. Tukunyar na wani irin gunji a ƙasa-ƙasa wanda ya taɓa ji sau ɗaya a rayuwarsa, garwashi na zubowa a ƙafarsa. Wani ƙaton gungume mai ci da wuta ya gitta a bakin ƙofar, shebur ya kasa fitar da shi. Ya yar da shebur ɗin, ya kama gungumen da hannu biyu, ya fizgo shi.

A daidai nan bawul ya ɗaga. Farin tururi ya tashi sama ya fi tsamiya tsawo, da ruri irin na aradu. Mu'azu ya gangaro ta gefen tukunyar ya faɗi a rairayi. Filin ya watse, takalma da faifai a ko'ina, shanun Fulani suka yi daji. Mode ya tsaya yana kallon allurar tana saukowa, har ta koma ƙasan jan layin. Sannan ya zauna a ƙasan ɗakin direba ya yi amai.

Babu wanda ya mutu. Mu'azu ya gurɗe a kafaɗa, kunnensa na hagu kuma bai ƙara ji sosai ba. Mode kuwa hannuwansa sun ƙone. Jan-Gwiwa ya hau da kansa ya ga fentin da aka kankare, ya sauko fuskarsa kamar an shafa alli. Ya sa aka kai su asibiti a motarsa. Da ya zo duba su ya ce wa Mode shi Baturen ne mai laifi, ya kuma tambaye shi ko zai sake hurawa in hannunsa ya warke.

"Ranka shi daɗe, ko ɗaure ni za a yi, ban koma hawa."

Baturen bai matsa ba. Bayan wata uku ya samo wani daga Ƙaura, jirgin ya yi tafiyarsa ta taki ɗari, gaba da baya. Mode bai je ba. Yatsunsa biyu sun ƙage, yana koyon riƙe fartanya da sauran. Turai ce ta bi mata suka je kallo, ta dawo tana ba shi labari, wai tafiyarsa kamar ta tsohon jaki.

Ya ce, "Ina kika tsaya?"

"Nan gaba-gaba, inda nika gani da kyau."

Ya murza yatsun. Can ya ce in za ta sake zuwa, ta tsaya can bakin hanya tare da masu tallar fura, kuma kada ta tafi da yara.