Hannun Dillali da Garin Kobalt

Malam Ummaru dillalin raguna ne a kasuwar Jibiya, kuma duk mai sauke dabbobi daga Maraɗi ya san hannunsa. Shi ke kama hannun mai saye ya ɗora a na mai sayarwa, ya riƙe har a ce an sallama. To, tun bayan babbar salla hannun nan ya fara rawa. Ya riƙa ɓoye shi cikin riga, yana gaya wa kansa ai bai yi wa kowa ƙarya ba, shiru kawai ya yi. Abin dai bai kwanta masa ba.

Ɗiyarsa Mariyamu, mai sunan mahaifiyarsa, ta zo hutu daga jami'a. Yana karɓar kwanon fura ta gani.

"Baba, mu je asibiti Katsina."

"Uwata, mi zai sami dillali? Ba ni dako, ba ni kiwo. Haɗa mutane nike, in tashi yadda na zauna."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yan kwalabe biyu na aikin bincikenta, kowacce da gari a ciki.

"Wannan kobalt ne, wani ƙarfe. Ka san gubar da ke cikin hayaƙin janareto? Shi ke haɗa ta da iskar haidurojin, su zama mai irin wanda ake zuba wa manyan motocin nan na bakin iyaka."

"Ashe ɗan'uwana ne. Yana karɓar la'ada?"

"Ko sisi. A aji an ce mana yana haɗawa ya fita ba abin da ya taɓa shi. Na yarda, sai da na buɗe tukunyar gwaji da kaina." Ta miƙa masa ta biyun. "Ga wanda ya yi aiki. Ƙwayoyinsa sun dunƙule, baƙar toka ta rufe shi, ruwan da shi kansa ya samar ya fara cinsa. Daga waje ba mai sani, mai ne kawai ke raguwa."

Ya karɓa da hannun da yake ɓoyewa. Garin ya yi ta kaɗawa a gaban idonsu, bai mayar da hannun cikin riga ba.

"Sai a zubar da shi ke nan?" ya tambaya a hankali.

"A'a. Tsayar da aikin ake, a ƙone tokar, a wanke shi da haidurojin. Ba ya komawa sabo, amma yana komawa aiki. In an yi da wuri."

Ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Ranar kasuwa ta kusa, Uwata. Masu raguna daga Daddara na jirana."

"Ai ga Abbas da kuke dillanci tare, ba yaro ba ne, abokin aikinka ne. Zai tsaya musu."

Ta kama hannunsa ta ɗora a nata, ta riƙe gam, yadda ta sha ganin yana yi.

"Katsina, gobe da safe. An sallama?"

Ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa.

"Ja'ira, wa ya koya miki matse ciniki haka? An sallama."