Sai Me?

Tana cikin saka wa mahaifinta maɓallin wuyan riga wayarta ta sake yin ƙara. Shugaban Sashen Adabi ne, tsohon ɗalibin Baban.

"Kun taso kuwa? Zaure ya cika maƙil, wasu har a tsaye."

"Ga mu nan tafe. Amma don Allah, Dakta, yadda muka yi da kai. A taƙaita. Maganin da yake sha yana sa shi yawan fitsari, ba ya iya dogon zama. Kuma ni zan zauna kusa da shi."

"Haba! Ba matsala. Malaminmu ne fa."

Ta kashe wayar tana tsaki. Duk mai saurin cewa ba matsala bai taɓa ɗaga tsoho daga gado zuwa keken marasa lafiya ba.

Waƙafi ake ce mata a gida. Baban ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama, wai ba ya kai ƙarshen jimla ba ta tsayar da shi da tambaya ba. Shi kuwa a jami'a an san shi da kalmomi biyu. Ɗalibi zai yi ta zuba bayani a kan waƙa, gumi na tsattsafo masa, Farfesa ya bari sai ya gama, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Sai me?" Manyan malamai na yau da furfurarsu, har yanzu in suka tuna wannan tambayar sai su gyara zama.

Da shanyewar ɓarin jiki ta zo, ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta kwashe maganar kakaf. Mutumin da ya cika kantoci da littattafai, abin da aka bar masa a baki kalmomin nan biyu ne kacal.

Waƙafi ce ta koyi karanta su. In ya faɗa a gajarce, ruwa yake so. In ya ɗaga murya, ƙafar ce ke ciwo. In kuwa ya ja su a hankali, idonsa a ƙasa, banɗaki ne, kuma ba jira. Wannan na ƙarshen shi ne abin da take tsoro yau. Baba mutum ne da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa da singileti a falo ba. Ta so ƙwarai ta ce ba za su je ba, amma ranar da aka kawo katin gayyatar bikin karrama shi ta ga yadda ya yi ta shafa shi da hannun hagu, sai ta fasa.

Ƙaninta ne ya tuƙa su. Suna shiga zauren aka miƙe tsaye. Kafin ta ankara wasu sun karɓe keken, sun ɗaga shi cak zuwa kan dandali, sun ajiye a bayan dogon tebur. Ta bi su, wata mata mai rataye da katin shaida ta tare ta.

"Yi haƙuri, sama ta manyan baƙi ce. Ga layin iyali can a ƙasa."

"Ni ce mai kula da shi. Mun yi magana da Dakta."

Dakta yana can yana ta rusuna wa wani babban baƙo, ko waiwayowa bai yi ba.

"Yaya, bari kawai," in ji ƙaninta yana jan hannunta. "Kar mu zama abin kallo."

Ta zauna, amma zaman ɗosane.

Aka fara jawabai. Kai, malaman adabi da magana! Kowa ya tashi sai ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya gyara tsayuwa. Wani ya ba da labarin yadda Farfesa ya bi ƙauyuka da rikoda yana ɗaukar waƙoƙin tsofaffi kafin su mutu da su. Wata ta ce shi ya hana ta barin karatu. Duk gaskiya ne, Waƙafi ta sani, har ƙwalla ta cika mata ido. Amma idon nata na kan yatsun Baba na hagu, da suka fara murza gefen tebur.

Shugaban Sashe ya tashi karanto nasarori. Wani mai ƙwazo ya matsar da makirfo gaban Farfesa, don ta yi kyau a hoto.

"Shi ya kafa wannan sashe. Shi ya rubuta littafin nazarin waƙa da babu ɗalibin da bai kwana da shi ba. Ya koyar a ƙasashen waje, ya dawo gida..."

"Sai... me..."

A hankali maganar ta fito, a jaye, ta cika zauren ta lasifika. Idon Baba na ƙasa.

Sai wurin ya ɓarke da dariya da tafi kamar rufi zai yaye.

"Allahu akbar! Yana nan yadda muka san shi!"

Shugaban Sashe ya share hawayen dariya. "Sai ƙamus, Malam! Sai ƙamusun kalmomin adabi!"

"Sai... me..."

"Sai ɗalibai, Malam! Ga su nan sun zama farfesoshi!"

Waƙafi ta riga ta miƙe. Amma kowa ma ya miƙe, hanya ta toshe da masu ɗaukar hoto da waya. "A ba ni hanya! Don Allah a ba ni hanya!" Wa zai ji ta? Matakalar dandalin tana can ɗaya gefen. Tana kutsawa tana jin muryarsa, ta uku ta fi rauni, zauren kuma yanzu gaba ɗaya yake amsa masa, ana jero lambobin yabo.

Kafin ta hau matakalar ya yi shiru.

Da ta isa, yatsunsa sun daina murza teburin. Bai kalle ta ba. Ta ɗan sunkuya, ta ga abin da mayafin teburin ya ɓoye. Zuciyarta ta karye, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta haɗiye su su biyun.

"Yanzu sai a turo Malam gaba," in ji Shugaban Sashe, "a yafa masa rigar girmamawa, a yi hoto."

Wani har ya kama keken. Ta fizge rigar daga hannun Dakta, ja ce mai nauyi da ado a baki, ta shimfiɗa wa Baba a cinya har ƙasa, ta cusa gefunan.

"A'a, a kafaɗa ake sawa," in ji Dakta ƙasa-ƙasa.

"Sanyi yake ji a ƙafa."

"Allah sarki! Ɗiya ta gari."

Aka turo shi gaba. Aka yi ta hoto. Ta tsaya a bayansa, hannunta a kafaɗarsa, tana murmushi har kumatunta suka gaji.

Suka shiga mota. Ƙaninta ya sauke gilasai bai tambayi komai ba. Allon yabon da aka ba Baba yana kujerar gaba, rigar tana inda ta shimfiɗa ta. Suna tsaye a cunkoso Baba ya juyo da ƙyar, ya leƙo ta ta saman tabarau. Rabon da ya yi mata wannan kallon tun kafin ciwon.

"Sai me?"

Ba a gajarce ba, ba da ƙarfi ba, ba a jaye ba. Ba ruwa yake so ba, ba ƙafa ba ce. Tambayar ce ta asali, kuma amsa yake jira.

Waƙafi ta matso kusa da shi. Ta gyara masa gefen rigar da ya zame.

"Sai gida, Baba," in ji ta.