Sandan Wuyan Molda

Da sassafe Dochia ta binne karenta Corbu a gindin bishiyar tuffa. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance sandan da ke wuyansa ta jefar, sannan ta kira Molda, karyar da ta rage mata, ta kwance nata shi ma.

Doka ce ta rataya musu shi: duk karen makiyayi da ke bakin daji a tsaunukan Făgăraș sai an ɗaure masa guntun itace a wuya, yana dukan gwiwoyinsa, don kada ya kori namun daji. Jiya da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, ta shigo garken tumaki, sandan Corbu ya maƙale a shinge. Nan ta tsaya ta farke shi yana ɗaure.

Kafin rana ta yi tsaka sai ga Sabin, mai gadin dajin farauta, da bindiga a kafaɗa. Marigayi mijinta ne ya riƙe shi ranar baftisma.

"Inna, na ji abin da ya faru. Sannu."

"Sannu ta mayar mini da kare? Ga sawun beyar can. Bi ka harbe ta."

"Ba ni da izini. Sai kwamiti ya zauna."

"To ba ni bindigar. Gonata ce."

"Gonarki ce, amma beyar ta gwamnati ce. Kika taɓa ta, kurkuku."

"Ta gwamnati! To gwamnati ta zo ta kwashe 'yarta mana. Tuffana take ci, tumakina take ci, a ƙofata take kashi. Ni ce uwar riƙonta?"

Sabin ya waiwaya. Wuyan Molda yake kallo.

"Inna, ina sandan?"

"Tambayi Corbu."

"Kin san kare mara sanda in ya shiga daji, aikina ne in harbe shi. Kada ki sa ni."

"Kai ɗin? Da mamaligar gidan nan, tuwon masararmu, aka yaye ka, yau kai ne mai harbe mini kare?"

Ya tsinci sandan a cikin ciyawa, ya durƙusa, ya ɗaura wa Molda da hannunsa. Karyar ta san shi, har lasar yatsunsa ta yi. Dochia ta ji kamar ta kwaɗa masa kwandon da ke hannunta.

Bai gama miƙewa ba tumaki suka watse. A ƙarshen gonar, rana tsaka, beyar ta ture shinge ta shigo abinta, ba sauri, kamar mai zuwa ɗaukar ajiya. Ta nufi wata tunkiya mai ciki da ta rikice a kusurwa.

"Ga 'yar gwamnati nan. Harba!"

Sabin ya zaro waya yana neman shugaban ƙauye. Ya daka wa beyar tsawa. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Molda ta zabura, sandan ya shiga tsakanin ƙafafunta, ta kifa. Dochia ta cafke ta, ta zaro wuƙar yankan reshe daga aljihu, ta datse igiyar.

Karyar ta tafi kamar an harba ta. Ta ciji beyar a cinya, ta goce, ta sake cizo. Beyar ta bar tunkiyar, ta koma ta inda ta shigo, Molda na binta da haushi har suka haye gangaren da ke bayan shinge. Daga nan kuwa daji ne.

Kare mara sanda, a daji, yana korar naman gwamnati. Sabin ya sauke bindiga daga kafaɗa.

Dochia ta matsa gefe don kada ta tare masa.

"Yauwa. Wannan kam ba sai kwamiti ya zauna ba. Harba, ɗana. Kana ganinta sarai."

Ya tsaya riƙe da bindigar har bishiyoyi suka rufe su. Haushin ya yi nisa, ya ɗauke.

Sai can Molda ta dawo, kunne ɗaya a yage, jini na zuba a ƙirjinta. Ta kwanta a bakin garke.

Sabin ya ɗauki sandan ya jingine a ƙyaure.

"Ban ga komai ba. Amma gobe maigidana zai zagayo, shi kuma ba a gidan nan aka yaye shi ba. Ki mayar mata, Inna."

Dochia ta jira ya fita. Ta jefa sandan a murhu, ta ɗora ruwan wanke kunnen Molda a kansa.