Fili Na Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Nunzia da mijinta Cataldo suna yin watan Agusta a fili na goma sha huɗu, a sansanin hutun Donna Cosima da ke bakin teku. Ɓauren da ke wurin ma su suka dasa shi. Shi ya sa da motar surukinta Saverio ta sha kwana, tana janye da ɗakinsu mai taya, ta hango jar rumfa a gindin ɓauren da wandon wankan wani ƙato a rataye a reshe, sai da ta cire tabarau ta goge.

"Tsaya," ta ce. "Saverio, na ce ka tsaya! Wandon uban wane ne wancan?"

Saverio ya taka birki, ya sha jinin jikinsa. "Mamma, ƙila kuskure aka yi. Ni dai tun bara na aika saƙo."

"Saƙon me?"

"Ta waya. Har alamar an karanta ta fito."

Nunzia ta dube shi daga sanƙo har sitiyari. Mutum da digirinsa, yana gyara wa kamfanoni kwamfuta, amma abin da mai sayar da kankana a ƙofar sansanin ya sani ya gagare shi. Donna Cosima ba ta rubuta suna, ba ta duba waya. Ranar tashi maigida yake zuwa ɗakin girkinta, ya zauna, ta zuba masa gahawa, ya shanye, ya ce "sai baɗi." Shi ke nan, fili nasa ne. Wanda bai sha ba kuwa ya sallama wurin, ko da kakansa ne ya share shi.

A kujerar baya Cataldo yana ta murmushi, yana ƙwanƙwasa gilashi da yatsa. Ya gane ɓaurensa. Wannan ne ya ƙara tunzura ta. Shekara biyu ke nan mantuwa tana cinsa. A gidansu na birnin Bari sai ta kama hannunsa ta nuna masa bayan gida. Amma a nan, daga gindin ɓaure ya wuce famfo, ya wuce wurin zuba shara, ya gangara teku ya jiƙa ƙafa ya dawo, shi kaɗai, ba ya ɓata. Duk duniya nan ne kawai take iya sakin hannunsa ta zauna ta ja numfashi. Wata goma sha ɗaya tana jiran wannan.

Ta fita ta buga ƙofar motar, ta nufi ɗakin girki tana huci. Ta tarar da Donna Cosima a bakin ƙofa tana tsaga tumatir za ta shanya.

"Donna Cosima, ashe haka za ki yi mana? Shekara talatin da ɗaya! Ki ɗauki filinmu ki ba mutanen Milan, masu cin taliya ba gishiri?"

Tsohuwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Sannu da zuwa, Nunzia. Ya hanya?"

"Ki bar zancen hanya! Surukina ya aiko da saƙo."

"Wayar tana hannun jikata, ita take wasa da ita. Ni gahawa na sani. Ranar da za ku tashi na ɗora, na fito da kofin da Cataldo yake so, na zauna. Har ta huce. Sai ƙarar motarku na ji ta fita, ko hon ba ku yi mini ba."

"Ba shi da lafiya, kin sani sarai!"

"Na sani. Duk sansanin nan an sani. Ke ce kike ganin kin ɓoye." Sai yanzu ta ajiye wuƙar. "Ke kika hana shi zuwa. Da ya zo, ko sunana ya manta, ko a rigata ya zubar da ita, wallahi da na ce na ji 'sai baɗi.' Amma kin ga ban isa in gan shi a haka ba."

Maganar ta soki Nunzia, don gaskiya ce. Bara da safiyar tashi Cataldo ya sa rigarsa a birkice, ya kira ta da sunan mahaifiyarsa, sai kunya ta rufe ta. Ta tura shi mota, ta ce wa Saverio ya je ya yi abin da ya kamata. Ba ta faɗa masa mene ne abin ba. Ta san laifinta ne, kuma sanin ya ƙara mata fushi maimakon ya rage.

"To ki tashe su," ta ce.

"Sun sha gahawata tun watan Yuni. In sa hannu in fito da ita daga cikinsu?"

Fili biyu suka rage. Saverio ya bi ta suna dubawa, yana ta zuba kamar ɗan kamasho. Na arba'in yana kan tudu, inuwa ta ko'ina, iska tana kaɗawa, ga teku shimfiɗe a ƙasa.

"Mamma, wallahi wannan ya fi na da. Ko kuma mu ƙara gaba kaɗan, akwai sabon sansani mai wurin ninƙaya, na gani a waya, taurarinsa biyar."

"Ka ƙara ambaton wayar nan ka ga in ban jefa ta teku ba, kai ma ka bi ta."

Ɗayan shi ne na tara. Ko reshe ɗaya babu a kansa, ƙasar ta ƙone ta yi fari, kuma jingine yake da wurin shara, ƙudaje suna ta biki a kan ɓawon kankana da kawunan kifi. Shekara da shekaru Nunzia tana toshe hanci in za ta wuce, tana yi wa duk wanda ya sauka a nan dariya. Ta tsaya a tsakiyarsa ta duba hagu, ga ɓaure. Ta duba dama, ga gangaren teku. Duk wanda zai bi hanyar sai ya gifta ta gabanta.

"Nan," ta ce.

"Nan? Mamma, wari fa! Za mu gasu!"

"Ka gasu. Jawo ɗakin."

Suna cikin kafa rumfa Cataldo ya sulale. Tana kallonsa ya gangara teku da ƙafarsa, ta danne zuciyarta ba ta bi shi ba. Can sai ga shi ya dawo, ƙafafun wandonsa a jiƙe, fuskarsa fes. Ta gyara masa kujera, ta miƙe tsaye a bakin hanya don ya gan ta.

Ya zo daidai ita ya ɗan rusuna, ya taɓa hularsa kamar mai gaida baƙuwa.

"Sannu da aiki, Signora. Kin yi haƙuri da wurin nan. Mu muna can sama, gindin ɓaure. Matata tana jirana."

Ya wuce abinsa. Nunzia ta cire ƙyallen girkin da ta ɗaura ta wurga wa Saverio, ta bi bayan mijinta, tana shirya abin da za ta faɗa wa mutanen Milan.